Malam Isiyaku da Ruwan Mayankar Chagoua

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye a mayanka da hantsi, hantar wani sa a hannuna ina dubawa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Hannuwana duk jini, don haka wani mahauci ya ciro ta ya kara mini a kunne. Muryar Nuhu ce, babban ɗan Malam Isiyaku. "Baba Daktor," ya ce, "Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Na yi salati. Na ajiye hantar, na faɗa wa mahauta, wuƙaƙe suka tsaya. Dattawan cikinsu suka sunkuyar da kai. Samarin kuwa suka riƙa tambayar juna wane ne Malam Isiyaku, kuma wannan tambaya ta fi labarin mutuwar kansa sosa mini zuciya.

Ni likitan dabbobi ne, aikina duba nama kafin a kai shi kasuwa. Ni da marigayi duk 'yan unguwar Gardolé ne. Kakanninmu fatake ne da suka zauna a garin nan tun zamanin Turawa, kuma gidajenmu layi ɗaya suke. Ya girme ni kaɗan. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a waje, aka nemi ya zauna can, ya ƙi. Ya dawo yana koyarwa a lise, wato sakandare, yana zuwa aiki a kan tsohon mobilet, ɗan babur ɗin nan, da ba ya tashi sai an tura. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ba ya yanke wa kowa zance. Idan ɗalibi ya ba da amsar da ba daidai ba, ba ya tsawa, sai ya ce, "To, bari mu bi hanyarka mu ga inda za ta kai mu."

Aiki ne ya haɗa mu sosai, a tsakiyar shekarun casa'in. Mahautan Hausawa da Fulani suna da wata 'yar mayanka a gefen unguwar Chagoua, ni ke duba musu nama. Duk ruwan wanke jini da tumbi da fitsarin dabbobi yana gangarawa wani kududdufi a baya, ya kwanta ya yi baƙi. Warinsa yana sa ido hawaye. Unguwa kuma tana ta matsowa, mutane suna gina gidaje suna haƙa rijiyoyi marasa zurfi dab da wurin. Wata rana na kai wa Malam ruwan wata rijiya a kwalba don ya duba mini a labo, ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu. Da ya gama bai aiko da amsa ba, shi da kansa ya zo. Ya tsaya a bakin kududdufin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Daktor, wannan ruwan yana sauka ƙasa, kuma ƙasa tana mayar musu da shi a guga."

Ya yi mini bayani a tsaye a wurin, da Hausar da ko mahauci zai gane. Ya ce a cikin jini da fitsari akwai wani sinadari da ake kira azot. Idan suka ruɓe, yana fitowa a matsayin amoniyak, shi ne wannan wari mai hawa kai. Allah ya halicci wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu ke nan. Ba sa son yawo cikin ruwa, sun fi son su manne a jikin abu mai kaushi su yi yauƙi, kamar santsin da ke cikin tsohuwar randa. Idan aka sama musu wurin zama aka riƙa zuba musu ruwan a hankali, iska tana ratsawa, za su cinye amoniyak su mayar da shi nitrat. Wannan rabin aiki ne. Rabi na biyu wasu halittun daban ne ke yinsa, a wurin da babu iska, su mayar da nitrat iskar da ba ta cutar da kowa, ta tashi sama ta tafi.

A ƙasashen da ya yi karatu, da tsakuwa ake cika irin wannan rami. Garinmu kuwa laka ce, dutse sai an yi tafiya. Sai Malam ya bi masu gasa jan bulo yana kwashe fasassun da suka zubar, ya haɗa da tsingaron tukwane. Sarkin fawan wurin, Alhaji Mamman, ya ba shi fili a bayan mayanka, mahauta suka taya shi gina kwarami da siminti. Yauƙin da yake jira ya fito a jikin bulon, suna ya raɗa masa, rigar bulo. Kullum bayan ya tashi daga makaranta sai ya zo ya ciro bulo ɗaya ya shafa da yatsa. Watanni ba a ga komai ba. Mahauta suna dariya suna cewa Malam yana kiwon abin da ba a gani. Yakan amsa musu da cewa, "Ku ma ba ku taɓa ganin abin da ke tsinke madara ba, amma kuna shan kindirmo."

Da rigar ta fito, wari ya fara raguwa, sai kuma aikin ya tsaya cik. Malam ya auna ruwan ya tarar ya yi tsami. Ya ce halittun nan, suna cikin cin amoniyak suna tsamama ruwan da suke ciki, har su kai inda su kansu ba za su iya aiki ba. Ya tafi kasuwa ya sayo kanwar tabki, irin wadda ake ba shanu, ya jiƙa yana ɗigawa. Aiki ya tashi. Wani mahauci mai son taimako ya ga haka, ya juye rabin buhu a ciki wata safiya, yana ganin yawan alheri ba ya ɓaci. Ruwan ya haye ɗaya gefen, kanwa ta yi masa yawa, amoniyak ya yi zafi ya ƙone rigar. Na ɗauka Malam zai yi faɗa ranar. Ya zauna a kan bulo ya kira mutumin, ya tambaye shi ko matarsa ta taɓa cika wa miyar kuka kanwa. Mutumin ya ce ta taɓa. Malam ya ce, "Ka ci?" Aka yi dariya, aka sake farawa daga farko.

Jini ma ya ba shi wahala. Idan ya yi yawa a ruwan, wasu halittu masu saurin girma sukan rufe masu cin amoniyak su kwashe musu iska. Sai da ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su tare jinin yanka a daro maimakon su sake shi a kwata. Bai taɓa yi musu magana da Faransanci ba, bai taɓa shiga tsakaninsu da takalmi mai sheƙi ba. Wanda ya girme shi Baba yake ce masa, sa'ansa kuma ya akhuy, wato ɗan'uwana, kamar yadda muke yi a gari.

A shekara ta biyu, ruwa ya fara fita daga ƙasan kwaramin garau, ba wari, ba launi. Ina tuna Alhaji Mamman ya ɗiba a tafin hannu ya shinshina, ya ɗaga kai ya ce, "Wallahi almé adil, ruwa sosai!" Labari ya bazu. Masu lambu suka ja shi zuwa fangalin salak da yakuwa, ganye ya yi kore shar. Malam kaɗai ne bai yi murna ba. Ya tara mutane ya ce musu wannan ruwan cike yake da nitrat, rabin aiki na biyu ba a yi shi ba tukuna. A ba shuka, amma kada a sha, kada a yi girki da shi, musamman kada ya shiga bakin jariri. Ya sa aka kafa allo da Larabci da Faransanci, ya bi masallatan unguwa yana sanarwa bayan salla. Amma lokacin bazara ne, famfo ba ya zuwa wannan gefen, rijiyoyi sun ja baya sun yi laka. Ga kuma ruwa fari tas yana zuba kyauta.

Akwai wani mahauci mai suna Garba, matashi mai fara'a, gidansa na kusa. Matarsa Zara ta haihu, zazzaɓi ya kama ta, nono ya ɗauke. Suka koma ba jaririyar madarar gwangwani. Zara mace ce mai tsafta. Da ta ga ruwan rijiyarsu ya yi ja, sai ta aika aka ɗebo mata na bayan mayanka, ta tafasa shi sosai kamar yadda aka koya mata a dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, tana dama madara da shi. Yarinyar ta fara yin shuɗi a leɓe da farce, tana numfashi da ƙyar. Kafin a kai ta babban asibiti rai ya yi halinsa. Ba wanda ya tabbatar da sanadi. Amma da Malam ya ji alamun, ya kuma ji da wane ruwa ake dama madarar, na ga fuskarsa ta canja yadda ban taɓa gani ba. A hankali ya ce mini, "Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, Daktor. Nitrat kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, ruwa ya tafi shi ya zauna. Yana hana jinin jariri ɗaukar iska."

Na ba shi shawara ya yi shiru tunda babu tabbas. Ya ƙi. Muka je gaisuwa tare, muka zauna a tabarma a ƙofar gidan. Bayan addu'a ya matsa kusa da Garba ya ce, "Garba, ina zaton ruwan da na tace ne. Na yi gargaɗi, amma da na bar shi da warinsa, ba wanda zai kusance shi." Garba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, kwananta ne ya ƙare. Kada ka bari uwarta ta ji wannan magana, ita ta dama da hannunta." Malam ya yi masa alkawari, kuma ya riƙe shi. Ni ma ban buɗe baki ba sai yau, da Zara ta riga mu gidan gaskiya, Garba kuma ya ba ni izini.

Washegari Malam ya yi abin da mutanen unguwa suka daɗe ba su yafe masa ba. Ya toshe mafitar ruwan garau, ya karkatar da shi cikin tsohon kududdufi, ya gauraye da ƙazanta. Wari ya ci gaba, masu lambu suka rasa ruwa, salak ya bushe. Suka zo a fusace. Wani ya ce masa da Larabci shi mugu ne, ya nuna wa mutane ruwa ya janye. Wani ya jefi mobilet ɗinsa. Malam bai iya faɗa musu ainihin dalili ba saboda alkawarin da ya ɗauka. Abin da kawai ya maimaita shi ne, "Wari yana korar mutum, ruwa garau kiransa yake yi. Ku ba ni lokaci in gama." Tun daga wannan rana dariyarsa ta ragu. Matarsa, Hajiya Rabi, ta gaya mini daga baya cewa ya daina ɗaukar jarirai, ko na 'yan uwansa, a wurin suna.

Ya duƙufa a kan rabi na biyu. Aka gina wani kwarami mai murfi, aka cika shi da bulo, ruwa ya shanye shi gaba ɗaya don kada iska ta shiga. Halittun wannan kwarami ba sa aiki sai an ba su abin ci mai ɗan zaƙi ko gari, kuma kwaramin farko ya riga ya cinye duk wani abinci da ke cikin ruwan. A labo da barasar kimiyya ake ciyar da su, abin da ba mu da shi. Ya gwada ruwan tumbi, ya ƙaro amoniyak. Ya gwada dusa, ta toshe bulon. Daga ƙarshe ya dace da ƙasari, ruwan wankin gero da masu koko da fura ke zubarwa. Hajiya Rabi ce ta bi gida gida tana roƙon mata su tara mata. Idan ƙasarin ya yi kaɗan, aikin yakan tsaya a tsakiya ya bar nitrit, wanda ya fi nitrat haɗari. Idan ya yi yawa, ruwan ya fito da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Malam yana tsakanin waɗannan biyun yana aunawa, yana ƙarawa, yana ragewa, har furfura ta fito masa.

Damina ɗaya da rani ɗaya abin ya yi aiki. Na ga ƙananan kumfa suna tashi daga ƙarƙashin murfin, ya ce mini azot ne ke komawa sama inda ya fito. Ya ɗiga maganin gwaji a ruwan mafita, bai yi ja ba, alamar babu sauran nitrat. Ya sake gwadawa, ya sake. Sannan ya koma gefe ya yi sujada a kan ƙasa. Ya buɗe wa masu lambu ruwa, amma ya sa aka binne bututun har cikin fangali, don kada kowa ya samu inda zai tara bokiti.

Sai kwalara ta shigo gari da damina. Mutane suna mutuwa, ma'aikatan lafiya suna bin unguwanni da ruwan jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, suna fesa ko'ina. Suka zo mayanka, suka wanke daɓe da kwatoci da shi, duk ya gangara cikin kwaramin Malam. Muna tsaye muna kallo. Na ce masa ya yi magana, a karkatar da kwatar ko na yini ɗaya. Ya girgiza kai ya ce, "Suna da gaskiya. Jabel ba ya tambayar ƙwaya ke ta waye. Yau ran mutane ake ceto, nawa su jira." Bayan 'yan kwanaki rigar bulo ta saɓule ta fito a mafita kamar tsumma. Aikin shekaru ya tafi a wanki ɗaya.

Ya sake farawa. Amma daga nan abubuwa ba su ƙara daidaita ba. Wuta ta riƙa ɗaukewa kwana da kwanaki, ɗan injin da ke ɗaga ruwa ya tsaya, bulo ya bushe a zafin bazara, riga ta mutu. Na sha tarar da shi da tsakar rana, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana ɗaukar ruwan ƙazanta da bokiti yana watsawa a kan bulo don kada su bushe, mutumin da ya haura hamsin. Alhaji Mamman ya rasu. Waɗanda suka gaje shi ba su ga amfanin wahalar tare jini ba. Yankan ya ƙaru, kwaramin bai ƙaru ba. Malam ya shiga ofisoshi da dama, ana karɓarsa da girmamawa, ana ba shi shayi, ana ce masa ya dawo. Wata rana da muka fito daga irin wannan ofis, ya ce mini, "Halittun nan abu kaɗan suke nema: iska daidai, kanwa daidai, abinci daidai, kullum. Kullum ɗin ne ba mu da shi a ƙasar nan." Ban taɓa jin ya faɗi magana mai ɗaci kamar wannan ba.

Daga baya magada suka raba filin bayan mayanka, aka yanka shi fuloti. Lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da Malam a gidansa na Gardolé. Na je duba shi makonni kaɗan kafin rasuwarsa, na tarar ƙafafunsa sun kumbura, yana jingine da bango a tsakar gida. Ya tambaye ni kwaramin. Na gaya masa gaskiya, an cike su da ƙasa, an ɗora harsashin gida a kai. Ya tambayi ina ruwan mayanka ke zuwa yanzu. Na ce wani sabon rami, can gaba kaɗan. Ya ce, "Akwai rijiyoyi a wurin?" Na ce akwai. Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce, "Ka riƙa gaya wa masu jego haɗarin ruwan rijiyoyin nan, Daktor. Ni murya ta ƙare." Hajiya Rabi tana bakin ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska.

An binne shi bayan azahar, kamar yadda Nuhu ya faɗa. Tsofaffin ɗalibansa sun zo da yawa, wasu likitoci ne yanzu, wasu malamai. Sun yi ta ba da labarin haƙurinsa a aji, da yadda yake raka ɗalibin da aka kora har gida ya roƙi iyayensa. Kaɗan ne daga cikinsu suka san ya shafe fiye da shekara goma a bayan mayanka. Babu abin da ya rage a can da za a nuna wa mutum. Ina gaya wa masu jego, kamar yadda ya umarce ni, duk wadda na samu. Su kuma sukan tambaye ni, to wane ruwan za mu yi amfani da shi, kuma wa zai auna mana? Ni likitan dabbobi ne. Ban iya auna ruwa ba.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka san abin da ya nufa da abin da ya ɗauka a zuciyarsa shi kaɗai, ka sauke masa shi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka karɓi wahalarsa ko da mu mun bar ta ta lalace. Ka ba Hajiya Rabi haƙuri da juriya, ka tsaya wa Nuhu da ƙannensa, ka zama gatansu. Ka tsare 'ya'yan mutanen Chagoua daga abin da ke cikin rijiyoyinsu, domin wanda yake duba musu ya tafi. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.